Matsalolin Dawo da Kwamfuta daga Hoton Faifai da Hanyoyin Magance Su



Hoton faifai kwafi ne na faifan kwamfuta kacokan: Windows, manhajoji, fayiloli da ɗan ɓangaren da ke tayar da na'ura. Manhajoji irin su Clonezilla, Macrium Reflect da Acronis True Image ne ke ɗaukar sa. Makarantu, ofisoshi da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, waɗanda suka yawaita tun da JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta zalla a 2015, sun dogara da shi sosai. Matsayata a wannan takarda ita ce: galibin lokutan da aka dawo da hoto kwamfuta ta ƙi tashi, hoton lafiyarsa lau. Saɓani ne tsakanin na'urar da aka ɗauko shi da wadda aka zuba shi. Mai gyara da ya yi gaggawar yin fomatin, aikin shekaru yake shafewa a banza.

Babban saɓanin shi ne na BIOS da UEFI. Tsofaffin kwamfutoci suna tashi ta BIOS daga faifai mai tsarin MBR, wanda ba ya wuce kimanin terabayit 2 da manyan ɓangarori 4. Sababbi kuwa suna tashi ta UEFI daga faifai mai tsarin GPT, kuma suna neman wani ƙaramin ɓangare na FAT32 inda fayilolin tashi suke. Idan aka zuba hoton MBR a na'urar da aka saita kan UEFI, baƙin allo za a gani, tana cewa ba ta ga abin tashi ba, alhali komai yana ciki. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin kasuwarmu cike take da kwamfutoci na hannu masu shekaru daban-daban, kuma tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, jama'a na ta ƙaura zuwa na'urorin Windows 11, wadda ke buƙatar UEFI da TPM 2.0. Magani: a shiga saitin na'ura a kunna Legacy ko CSM idan tana da shi, ko kuma a juya faifan zuwa GPT da mbr2gpt. Idan tsarin ya dace amma lambar 0xc000000e ta bayyana, a tayar da na'urar da filashin Windows, a sake rubuta fayilolin tashi da umarnin bcdboot. Aikin mintuna kaɗan ne.

Sai shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mai lamba 0x7B. Nan Windows ta fara tashi, sai ta rasa direban da za ta karanta faifai da shi. Sau da yawa an ɗauki hoton ne a kan AHCI, sabuwar na'urar kuma tana kan RAID ko Intel VMD. Sauya saitin kaɗai yakan isa. Wannan matsalar ce kuma ke sa filashin ceto ya kasa ganin faifan NVMe gaba ɗaya, har mai gyara ya yanke hukuncin cewa faifan ya mutu.

Girman faifai ma yana tsayar da aiki. Clonezilla takan ƙi zuba hoton faifan gigabayit 500 a SSD mai 256, ko da abin da ke ciki bai kai 100 ba. Har tsakanin 256 da 240 ana samun wannan. A rage girman ɓangaren tun kafin ɗaukar hoto. Kuma bayan an gama, a cire tsohon faifan kafin tashin farko, domin faifai biyu masu lambar shaida iri ɗaya suna rikita Windows.

BitLocker kuwa ba ya da sassauci. Da zarar an sauya madabod ko saitin tashi, zai iya neman makullin ceto mai lambobi 48, kuma wanda bai adana shi ba, babu gwanin da zai buɗe masa.

Akwai lokutan da hoton da kansa ya lalace, kuma a wurinmu dalilan sanannu ne: ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, jabun filashi da ke nuna girman da ba shi da shi, da faifan da aka ɗauki hotonsa bayan ya riga ya fara ciwo. Wannan ba ya da magani sai riga-kafi. Manhajojin nan duka suna da zaɓin tantance hoto, amma ana tsallake shi don yana cin lokaci, ni kuwa ina ganin wannan sakaci ne da bai dace da mai riƙe amanar bayanan mutane ba.

Don haka ina kira ga shugabannin makarantu da ofisoshi: ku ware faifai guda na gwaji, ku sa ma'aikacinku ya dawo da hoto a kansa a gabanku aƙalla sau ɗaya kowane zango, ya rubuta tsarin tashin kowace na'ura da makullin BitLocker ɗinta a littafi.