Ma'aunin Hankali da Yadda Aka Karkatar da Shi



Bayan da hukumar Faransa ta wajabta wa kowane yaro zuwa makaranta, malamai kuma suka rasa yadda za su gane wanda karatu ya yi wa nauyi, sai wani masani, Alfred Binet, da abokin aikinsa Theodore Simon, suka tsara jarrabawa mai mataki 30 a shekarar 1905, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da niyyar gano yaron da ke bukatar taimako. Binet da kansa ya yi gargaɗin cewa basira ba tsayayyen abu ba ce, tana ƙaruwa da tarbiyya da ta'alimi.

Amma da ma'aunin ya ƙetara zuwa Amurka, aka jarraba sojoji fiye da miliyan ɗaya da rabi lokacin yaƙin duniya na farko, da tambayoyin da waɗansunsu suka dogara ga sanin al'adun ƙasar, sai baƙin da ba su daɗe da zuwa ba suka sami maki kaɗan, masana kuwa, domin sun tarar da abin da zukatansu suka riga suka gaskata, suka hukunta cewa daƙiƙanci ne na gado. Wannan hukunci, jama'a, zalunci ne da aka yi da sunan ilmi.