Ƙarar da Muke Sha, da Wadda Muke Shayar da Maƙwabta

Jawabin da kwamitin lafiya ya gabatar wa fastoci da dattawan ikkilisiyoyin Gyadi-Gyadi da Tarauni

 Yau za mu yi magana a kan abin da muka saba da shi har muka daina ɗaukarsa ciwo, wato yawan ƙara.

Duk wanda yake zaune kusa da Titin Zariya ko Titin Maiduguri ya san yadda garinmu yake wayewa. Tun da asuba manyan motoci suke danna ham. Bayan da gwamnati ta hana acaba ɗaukar fasinja a 2013, adaidaita sahu suka cika titi da nasu kukan. Masu walda da injin niƙa suna aiki a tsakiyar gidaje, mai tallan magani yana yawo da lasifika. Da an ɗauke wuta kuma, sai janareta ya karɓi aiki har tsakar dare.

Ana auna ƙara da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu takan kai kamar 60. Masana lafiyar ma'aikata sun nuna cewa wanda yake wuni awa 8 cikin ƙarar da ta wuce 85 yana jefa kunnensa cikin haɗari, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. In ƙara ta kai 100, minti 15 kawai kunne yake iya ɗauka lafiya. Ga hanyar ganewa ba tare da na'ura ba: in sai kun ɗaga murya kafin wanda yake kusa da ku, nisan miƙa hannu, ya ji ku, to ƙarar ta yi yawa.

A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne suke miƙa sauti ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ɓarnar ba ta zuwa da zafi. Mutum yakan fara jin kunnensa yana shuu bayan taro, daga nan sai ya riƙa cewa a maimaita masa magana. Ban da kurumta, ƙarar dare tana hana barci mai nauyi, tana kuma da hannu a hawan jini da ciwon zuciya. Yaron da bai yi barci ba kuwa ba ya fahimtar karatu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ƙarar ɗakin kwana ta wuce desibel 30. Mu tuna Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana nan tare da mu, cike da marasa lafiya masu bukatar hutu.

'Yan'uwa, yanzu mu juyo kan kanmu. Yawancin majami'unmu ƙanana ne, bango ɗaya ya raba mu da gidan maƙwabci. Ɗakin da bai ɗauki mutum ɗari ba, sai ka tarar da manyan lasifika huɗu a ciki, ga ganga, ga janareta a gindin taga. Su wa suke zama a gaba? Yaranmu da mawaƙanmu. Su wa suke kwance a bayan bango lokacin addu'ar dare? Tsoho mai hawan jini, da mai jego da jaririnta. Mu 'yan tsiraru ne a nan, zaman lafiyarmu da maƙwabtanmu Musulmi dukiya ce. Kada mu bari lasifika ta ɓata abin da gaisuwa da ziyara suka gina shekara da shekaru. Doka ma tana nan: tun 2009 Nijeriya take da ƙa'idojin hana yawan ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA, kuma a 2016 gwamnatin Legas ta rufe majami'u da masallatai da dama saboda ƙara.

Ga abin da muke roƙon kowace ikkilisiya ta yi. A sauke lasifikar waje, na ciki kuma a daidaita su da girman ɗakin. A naɗa mutum ɗaya mai kula da na'urar sauti, wanda dattawa za su mara wa baya in ya rage murya. A janye kujerun yara daga gaban lasifika. A nisanta janareta da tagar maƙwabci, a gyara salansarsa, a yi masa rumfa mai shan iska, amma kada a shigar da shi ɗaki, domin hayaƙinsa yana kisa. Bayan ƙarfe 10 na dare a yi addu'a ba makirufo. In babban taro zai zo, a sanar da mai unguwa da maƙwabta tun da wuri.

Wanda kuma kunnensa yake shuu ko jinsa ya ragu, ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a gwada shi, kada ya ɗiga mai ko wani magani da ka.

In mun gyara namu, za mu sami bakin roƙon mai walda da mai niƙa su rage nasu. Allah yana jin mai raɗa kamar yadda yake jin mai ihu. Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.