TAYAR DA BABUR A MUKU-MUKUN SANYI

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Lokacin da Sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na san yana sa ran jin wani batu mai nauyi, kamar tattalin arziki ko makomar ilmi. Da na ce masa a kan tayar da babur da sanyin asuba zan yi magana, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. To amma ku leƙa gindin darbejiyar can ta bakin ƙofa ku ƙirga. Motocin da muka zo da su ba su kai goma ba, babura kuwa sun yi jeri har bakin filin ƙwallo. Malamin firamare a Getso, da malamin gona a Garo, da ma'aikacin lafiya a Kutama, duk babur ne ƙafarsu. Tun da aka hana acaba a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013 'yan birni suka koma Adaidaita Sahu, amma mu nan Gwarzo da Kabo babur ne motar haya, shi ne motar kasuwa, shi ne kuma motar asibiti.

Wannan ta ƙarshe ita ce dalilin tsayuwata a gabanku. A watan Janairun 2019 ina zaune a wani ƙauye da ke ƙasar Kabo, ina zuwa aiki Gwarzo. Wata rana wajen ƙarfe huɗu na asuba maiɗakina ta tashe ni, ɗanmu ɗan shekara biyu yana numfashi da kyar, jikinsa ya yi zafi rau. Babu mota ko ɗaya a unguwar. Na fito da babur daga zaure, na ja cok, na murɗe totur, na yi ta buga kik. Ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Na buga har ƙafata ta yi sanyi, gumi yana karyo mini a cikin wannan jaura, warin fetur ya cika wurin. Ƙanena, don tausayi, ya ruga ya kunno kara zai gasa injin ya ji ɗumi.

Allah ya taimake mu ƙarar kik ɗin ta tayar da maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran babura. Da fitowarsa bai yi magana ba sai da ya doke karan nan ya take wutar da takalminsa. Sannan ya haska fitila ƙarƙashin kafireta, sai ga fetur yana ɗiga ƙasa. Ya ce, "Ɗana, ai ka shayar da shi mai ya ƙware. Da wutar nan ta matso, da yanzu mutum uku za a kai asibiti." Na ce, "Baba, ka taimaka." Ya rufe makullin mai, ya mayar da cok, ya kwance fulogi ya goge shi da gefen rigarsa. Ya kashe makunni, ya buɗe totur gaba ɗaya, ya buga kik kamar sau shida babu fulogi. Ya mayar da fulogin, ya buɗe mai, ya kunna, ya buga sau biyu, babur ya tashi. Duka-duka bai yi minti biyar ba, alhali ni na ɓata kusan rabin sa'a. Mun isa asibiti a Gwarzo ana kiran assalatu, likita ya ce ciwon huhu ne. Yaron ya warke, yanzu haka yana firamare.

Bayan hankalina ya kwanta, abin da ya riƙa damuna shi ne, ni mai digiri ne, kuma duk abin da dattijon nan ya yi an koya mini dalilinsa a ɗakin kimiyyar wannan makaranta. Na haddace, na ci jarrabawa, ban taɓa tunanin yana da alaƙa da abin da nake hawa kullum ba. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

To, me ya sa babur ke gardama da sanyi? Injin ba ya ƙona fetur yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Aikin kafireta ke nan, watau ta auna iska ta auna mai ta haɗa su, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai, idan da nauyi aka auna. Kun san a watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi a ƙasar Kano kan sauka zuwa wajen digiri 12 da asuba, wani lokaci ma ƙasa da haka. A irin wannan sanyi fetur ba ya saurin zama tururi, wani ma sai ya lafe a jikin bututun da ke kai shi cikin inji, kamar yadda raɓa ke kwanciya a kan kwano. Bugu da ƙari, iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Ke nan iska ta ƙaru, tururin mai ya ragu, tartsatsin fulogi ya rasa abin da zai kama. Daɗin daɗawa, baƙin mai ya yi kauri kamar man shanu a ƙwarya, batir kuma ƙarfinsa ya ragu.

Don wannan ne aka yi cok. Idan ka ja shi, yana rage iskar da ke shiga, ko ya buɗe wa mai wata 'yar hanya ta daban, gwargwadon ƙirar kafiretar. A nan ne na yi kuskure. Wanda ya ja cok kuma ya murɗe totur ya warware aikin da cok ya yi. Idan ya ci gaba da bugawa babu ƙaƙƙautawa, mai zai taru ya jiƙa fulogi, jiƙaƙƙen fulogi kuwa ba ya ba da wuta.

Ga yadda nake yi yanzu, kamar yadda Baba ya koya mini:

1. Ka buɗe makullin mai, ka tabbata babur ba ya cikin giya.
2. Kafin ka kunna, ka taka kik a hankali sau uku ko huɗu don inji ya saki jiki.
3. Ka ja cok, ka kunna makunni, ka ɗauke hannunka daga totur.
4. Ka taka kik a hankali har ka ji ya yi tauri, ka bari ya dawo sama, sannan ka buga da ƙarfi har ƙasa. Ko da babur ɗinka na da sitata, bugun farko na safe ka yi da ƙafa, ka tausaya wa batir.
5. Idan ya tashi, ka bar shi a sulo. Da ka ji sautinsa ya daidaita sai ka mayar da cok, ka ba shi minti biyu ko uku, ka tafi a hankali.

Idan ka buga sau biyar ko shida bai tashi ba kuma ka ji warin fetur, ka dakata. Ƙarin bugu ƙarin ɓarna ne. Ka yi abin da dattijon nan ya yi, amma ka tabbata makunni a kashe yake muddin fulogi na waje. Saboda haka kada sifanar fulogi da sabon fulogi guda su rabu da akwatin babur ɗinka.

Akwai abubuwa uku da nake roƙonku da girman zumunci ku guje musu. Na farko, kusantar da wuta ga babur, ko kara ne, ko takarda, ko kaskon gawayi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ne ya je ya sami wutar inda take. Idan dole sai an ɗumama inji, a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora a jikin kafireta. Na biyu, barin babur yana aiki a cikin zaure ko ɗaki a rufe, domin hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe iyali idan an kwana da janareta a ɗaki. Na uku, tafiya da cok a jawe. Yana baƙanta fulogi, yana wanke baƙin man da ke jikin fistin da ringi, yana kuma shanye fetur. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024, ban san ma'aikacin da albashinsa zai ɗauki wannan asara ba.

Har ila yau, ba a fafa gora ranar tafiya. Da zarar an gama girbi iska ta juya, ka kai babur wajen bakanike. A wanke matatar iska, domin ƙurar hunturu na toshe ta cikin 'yan kwanaki, musamman ga masu bin hanyoyin burji. A duba tazarar bakin fulogi, wadda a yawancin ƙananan baburanmu ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.7 ba. A kwance ɗan kusoshin da ke gindin kafireta a zubar da ruwa da dattin da suka kwanta. A canja baƙin mai. Man da ya daɗe a jarka ko a kwalba a rana ya riga ya rasa ɓangarensa mai saurin tashi, wanda shi ne ake bukata da sanyi. Da dare kuma ka rufe makullin mai, ka shigar da babur inuwa ko ka lulluɓe shi da buhu bayan ya huce.

Wani zai ce kafireta ta kusa zama tarihi. Gaskiya ne a Indiya, ƙasar Bajaj da TVS, dokar rage hayaƙi ta watan Afrilun 2020 ta sa yawancin sababbin babura sun koma ga na'urar da ke fesa mai da kanta, babu ruwan mai shi da cok. To amma Boxer da Jincheng da roba-roba da ke kan hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi za su daɗe tare da mu, kuma su ne ƙannenmu za su gada.

Saboda haka ina da shawara ga wannan ƙungiya. Mu sayi tsohon injin babur guda, mu ajiye shi a ɗakin koyon sana'a na makaranta, mu nemi bakanike daga cikin gari ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako yana kwance shi tare da malamin kimiyya, ɗalibai maza da mata suna taɓawa da hannunsu. Ni na ɗauki nauyin kuɗin injin, na kuma riga na miƙa wa Ma'aji. Saura kayan aiki da ɗan abin da za a riƙa ba bakaniken, wannan na bar wa zauren nan.

Shugaban taro, na ga ana nuna mini agogo. Ina godiya ga malamanmu da suka koya mana, laifin rashin aiki da karatun namu ne.