Wa'azin Zamfara da Warƙoƙin da Suka Tsira



Kimanin shekara 5 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kamar yadda ƙanensa Malam Abdullahi ya faɗa a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Ya zauna a Faru, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Maradun, kuma yana wannan yanki ne Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya kira shi Magami da Babbar Sallah, wajen 1788. Da baki Shehu ya yi wa jama'a magana, da Hausa da Fillanci. Abin da ya iso gare mu shi ne wanda aka sa a takarda: littattafansa, da bayanin da ɗansa Muhammadu Bello ya yi a littafinsa Infaƙul Maisuri kan yadda yake wa'azi, da waƙoƙin ajami. Cikin masu irin waɗannan waƙoƙi akwai Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi ta ƙasar Talata Mafara.

To, yaya waɗannan takardu suke? Malamanmu ba sa ɗinke littafi. Warƙa-warƙa ake jerawa, a sa tsakanin bango biyu, a ɗaure, a zura cikin gafaka. A ƙasan shafi mai rubutu yakan sa kalmar farko ta warƙa ta gaba, don in sun watse a iya mayar da kowacce gurbinta. Takardar kuwa da yawa daga Italiya ta fito ta hanyar Sahara. Ɗaga ta a haske, za ka ga tambarin jinjirin wata uku. Da rabon gado, da aron da ba a mayar ba, da gara, da ɗigar ruwan damina, sai littafi guda ya koma 'yan warƙoƙi a gidaje daban-daban.

Kada wani ya raina guntuwar takarda. Ga misali: Agustin, babban malamin Kirista ɗan ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rasu a 430. Da Latin yake huɗuba, masu saurin rubutu suna ɗauka. A 1990 wani masani Bafaranshe, François Dolbeau, ya gano huɗubobinsa 26 da aka ɗauka sun ɓace, cikin wani kundi na ƙarni na 15 a laburaren birnin Mainz na Jamus. A 2008 aka sanar da wasu 6 a birnin Erfurt na Jamus. Wasu tsofaffin rubuce-rubucen Latin ma a bangon littattafai aka tsinto su, inda masu ɗinki suka yayyanka su suka ƙarfafa bangon da su.

Abin da ke damuna shi ne halin da ƙauyukan Maradun da Bakura da Mafara suke ciki yau. Wanda 'yan bindiga suka kora da tsakar dare, ransa da iyalinsa zai fara tsamowa, ba gafakar kakansa ba. Ga kuma al'adarmu ta ƙone ko binne takardar da ta tsufa don girmama sunan Allah. Niyyar mai kyau ce, amma don Allah kafin a yi haka a nuna wa malamin da ya iya karatun ajami. A ɗauki hoton gaba da baya da waya, har da rubutun gefe, domin a nan ne sau da yawa sunan mai kwafi ko na malaminsa yake. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna duk suna adana irin waɗannan takardu.