Jawabin Taron Wata: Ƙarin Da Ke Fitowa Cikin Zuciya

 

Mu 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba. Amma jinyar wata uwa tamu a nan unguwa ta sa mun yi ta zirga-zirga asibiti, har muka jiyo abin da ya kamata kowa ya ji.

Wata bakwai tana haki. Ta ɗan yi tafiya sai numfashi ya sarƙe, ta tashi daga kwance sai jiri, sau biyu har da suma. Aka ce asma ce, aka ce tsufa, wasu suka ce iska. Kuɗin da muka zuba a kemis ba kaɗan ba ne. Sai da aka ɗauki hoton zuciyarta da na'urar eko, dangin wadda ake duba mai ciki da ita, sannan aka ga ƙari.

Sunansa miksoma. To, a kwantar da hankali, ba kansa ba ne, ba ya bazuwa cikin jiki. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, shi kuma galibi a ɗakin sama na hagu yake tsira. Laushi gare shi, yana reto a jikin 'yar igiya. Jini ya taho, sai ya faɗo bakin ƙofa ya tare hanya, shi ya sa ciwon kan sauya in mutum ya juya kwanciya. Abin tsoron shi ne ɗan guntu ya ɓalle, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ya fi kama mata, kuma manya. Ba kasafai ake samunsa ba, kada kowa mai haki ya ce shi ke nan, hawan jini ya fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Ƙwaya ba ta narkar da shi, jiƙo ma haka. Tiyata ce kawai. Tun 1954 wani likita, Clarence Crafoord, ya cire irinsa a ƙasar Suwidin, a Nijeriya kuwa an fara buɗe zuciya a Inugu a 1974. Yawancin waɗanda aka cire wa sukan warke, ba safai yake dawowa ba.

Likita ya ce kada a ja lokaci, aikin kuma akwai tsada. 'Ya'yanta sun kawo abin da suka iya, saura namu. 'Yan goro da 'yan kara sun riga sun yi alkawari. Ma'aji zai zauna da littafi a ofishin ƙungiya ranar Juma'a bayan an sauko.