Auna Ɓoyayyen Zafi a Firijin Rigakafi

Zafin da abu yake ajiyewa iri biyu ne: akwai wanda ma'aunin zafi yake nunawa, akwai kuma ɓoyayye, wato wanda abu yake sha lokacin narkewa, ko yake saki lokacin daskarewa, alhali ma'aunin yana tsaye wuri guda. Joseph Black na Jami'ar Gilasgo ne ya fayyace wannan a farkon shekarun 1760. Kafin kilo ɗaya na ƙanƙara ya narke sai ya sha kilojul 334, kilojul kuwa shi ne awon makamashi, kuma wannan adadi ya isa ya ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da kusan digiri 80.

Mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum suna da ruwa da tsaki a wannan batu, domin firijin sola marar batir, irin wanda ake bai wa cibiyoyin lafiya na karkara, da wannan hikima yake aiki: da rana yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, da dare kuma ƙanƙarar tana shanye zafin da ya kutso, ta yadda magungunan rigakafi za su zauna tsakanin digiri 2 da 8 ko da a bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Matsalar ita ce, ƙanƙarar da ta fara narkewa da wadda ta kusa ƙarewa duk sifili suke nunawa, don haka ma'aikacin da ya dogara da ma'auni kaɗai tamkar manomi ne da yake ƙiyasta geronsa ta hanyar duban bangon rumbu.

Hanya mafi sauƙin fahimta ta auna ƙanƙarar da ta rage ita ce lissafin shiga da fita, inda ake ƙidaya zafin da injin ya fitar da wanda ya kutso, sai dai ƙananan kurakurai suna taruwa kwana bayan kwana, har sai an jira ruwan ya daskare gaba ɗaya a sake ƙirga daga farko. Wasu suna jera ma'aunai da yawa a wurare daban-daban na tankin ruwan firijin don su gano iyakar da narkewa ta kai, wasu kuma suna aika sauti ta cikinsa, tunda gudun sauti a ƙanƙara ya ninka na ruwa fiye da sau biyu. Hanyar da ta fi dacewa da karkara, bisa dukkan alamu, ita ce ta kumburi: ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, saboda haka siririn bututu mai alamomi zai iya nuna yawan ƙanƙarar da ta rage ba tare da lantarki ba.

Buƙatar irin wannan awo tana tsananta a watan Agusta, sa'ad da hadari yake rufe rana kwanaki a jere, da kuma hunturu, sa'ad da ƙura take lulluɓe farantan sola, domin a waɗannan lokuta ne jami'in rigakafi yake buƙatar sanin sa'o'in da suka rage masa kafin ya kwashe magungunan cikin akwatin sanyi zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma.