Saurin Karatu Da Fahimta: Jawabi Ga Hakimai Da Magatakardansu



Maganar da za a yi yau a kan karatun takarda ce, watau yadda mutum zai karanta da sauri, ya kuma fahimci abin da ya karanta. Kowa ya sani ba a raba ofishin hakimi da takardu. Wata daga fadar Sarki take, wata daga ƙaramar hukuma, wata ta ma'aikatan asibiti ce a kan ranar rigakafi, wata kuwa ƙara ce a kan iyakar gona ko burtali. In magatakarda mai nawar karatu ne, sai takardu su taru, talaka ya yini a ƙofar gida yana jiran amsa. In kuwa mai garaje ne, ya karanta bai gane ba, sai a sa hannu a kan abin da ba a nufa ba. Duka biyu ɓarna ce, kuma bisa kan talaka take sauka.

Da fari ya kamata a san yadda ido yake aiki. Mutane da yawa suna zato ido yana bin layi ne sumul, daga wannan gefe zuwa wancan. Ba haka ba ne. Wajen shekarar 1879 wani likitan ido na ƙasar Faransa, mai suna Emile Javal, ya bayyana cewa ido tsalle yake yi kamar kwaɗo, ya tsaya, ya sāke tsalle. Kowace tsayawa ba ta wuce kamar rubu'in sakan ba, kuma a cikin tsayawar nan kaɗai ake gane baƙaƙe. A 1975 waɗansu masana biyu na Amurka, George McConkie da Keith Rayner, suka auna faɗin abin da ido ke ɗauka a tsayawa guda. Suka tarar mai karatun Turanci yana amfana da baƙaƙe 14 ko 15 ta dama, da 3 ko 4 kaɗai ta hagu. Daga baya aka gane masu karatun Larabci, wanda ake farawa daga dama, nasu faɗin ya fi yawa ta hagu.

Abin da wannan ya nuna shi ne ido yana da iyaka, ba wanda zai haɗiye shafi guda da kallo ɗaya. A 1959 wata malama mai suna Evelyn Wood ta buɗe makarantar koyon saurin karatu a birnin Washington, aka yi ta yi wa ɗalibai alkawarin kalmomi dubbai cikin minti guda. Amma a 2016 aka buga wani dogon nazari na Rayner da abokan aikinsa, wanda ya nuna cewa in sauri ya wuce kima, fahimta ce ke raguwa. A 2019 kuma Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a ƙasar Beljiyam ya tara sakamakon gwaje-gwaje 190, ya tarar baligi mai karatun Turanci a zuci yakan yi kalmomi wajen 238 a minti, in kuwa da murya ne 183. Wannan awo na Turanci ne, ba za a ɗora shi bisa Hausa kai tsaye ba, amma ya isa ya nuna ido ya fi baki sauri.

To, abubuwa uku ne suka fi jawo nawa. Na fari motsa leɓe. Yawancin malamai sun fara karatu a makarantar allo, inda ake ɗaga murya domin hadda da gyaran lafazi, kuma wannan daidai ne a wurinsa. Amma takardar ofis ba haddace ta ake yi ba. Mai furta kowace kalma ya ɗaure idonsa ga harshensa ke nan. Sai ya riƙa rufe baki, in ya ga ya faskara ya ɗora yatsa bisa leɓensa har ya saba. 'Yar muryar nan da mutum ke ji a zuciyarsa ba laifi ba ce, tana ma taimakon fahimta, kada a wahala wajen kashe ta.

Na biyu ɗaukar kalma ɗai ɗai. Wannan ya fi cutar mai karatun Hausa, gama rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. In dagaci ya rubuto, “Fari ya ɓata gero,” rashin ruwa yake nufi. In ya ce, “Fari sun ɓata gero,” to, ƙwari ne, watau jam'in fara. Kalma ta biyu ce ta raba su, kuma maganin wannan dabam, na wancan dabam. Haka nan “Dagaci ya zo ran Talata” yana iya zama labari, yana kuma iya zama umurni, sai an duba abin da ke gaba da baya. Saboda haka a riƙa ɗaukar kalmomi biyu ko uku da suka tafi tare, kamar “ran goma ga wata” ko “a ƙofar fada”.

Na uku yawan komawa baya. Ko gwanaye sukan koma, gama wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na motsin idonsu na baya ne, kuma in magana ta rikice komawa wajibi ce. Abin gudu shi ne komawar da wasuwasi ko surutun jama'a ke jawowa.

Game da fahimta kuwa, a 1946 wani malamin Jami'ar Jihar Ohio, Francis Robinson, ya fito da wata hanya da har yanzu ake koyarwa. Ga yadda za ta dace da ofishin hakimi. Da fari a duba takardar sama sama: wa ya aiko, ran nawa, mene ne kanun maganar, me sakin layi na ƙarshe ya ce. Sa'an nan a yi wa kai tambaya: me ake so a yi, wa zai yi, yaushe, a ina, nawa ne. Sa'an nan a karanta ana neman amsoshin. In an gama a kife takardar, a faɗi abin da ta ƙunsa da ka. Daga ƙarshe a buɗe a gwada, a ga abin da aka tsallake.

Ba kowace takarda ake yi wa gudu ɗaya ba. Gaisuwa da addu'o'in buɗe wasiƙa ana iya wuce su da sauri. Amma in an zo kan suna, ko kwanan wata, ko adadin kuɗi, ko iyakar gona, sai a ja linzami. Haka kuma ƙananan kalmomin nan masu juya magana: kada, sai dai, ban da, muddin, da “ba” ta ƙarshen jimla. Wanda ya tsallake “ban da” a cikin sanarwa yana iya tara mutanen ƙauyen da ba a kira ba, su bar gonakinsu a banza. A nan ne Hausawa ke cewa sauri ya haifi nawa.

Kowane magatakarda yana iya auna kansa. Ya sami rubutu, ya ƙirga kalmominsa, ya duba agogo. In kalma 600 ce ya gama cikin minti 4, saurinsa 150 ke nan a minti. Sa'an nan abokin aiki ya yi masa tambaya biyar. In ya kasa biyu, saurin nan ba nasa ba ne tukuna, sai ya rage. A rubuta sakamakon a littafi kowane mako.

Babban maganin nawa dai shi ne yawan karatu, gama ido ba ya daɗewa bisa kalmar da ya saba da ita. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, Alhaji Abubakar Imam yana editanta, malamai da yawa da jarida suka goge, da littattafai irin su Magana Jari Ce. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ran Lahadi. Kalmar da ta faskara a rubuta ta, a neme ta a ƙamus. Wanda ya haura shekara 40 kuma, ya ga baƙaƙe sun fara dushewa, ya je a auna masa tabarau, kada ya ɗora laifin bisa ƙwaƙwalwarsa.

Saura abin da ya rataya a wuyan hakimai. Ya kyautu a keɓe wa magatakarda sa'a guda da safe, kafin a cika zaure, ya duba takardun ranar shi kaɗai, ya jera su bisa ga gaggawarsu. In ya kawo, hakimi ya sa shi ya faɗi abin da kowace ta ƙunsa cikin jimla uku kafin ya karanta ta a fili. Takardar da ta shafi gona, ko gado, ko kuɗin jama'a kuwa, kada hatimi ya hau ta sai an karanta ta sau biyu.

Allah ya taimaki iyayen ƙasa, ya ba su ikon riƙe amanar talakawansu, amin.